Ɗaurarren Hanyar Jugu

A zamanin da goro ke hawa jaki kafin ya iso bakin mai ci, ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sai ya ratsa ƙasar Bargu. A haye Kwara, a sauka Nikki, a huta a Paraku, sannan a miƙa yamma zuwa Jugu, wadda fatake ke ce wa Zugu. Daga can sai Sansanin Mango, sai Yandi, sai kasuwar Salaga, inda goron kurmin Asante ke jiran kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu. Zuwa kaɗai tafiyar watanni ce. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe wannan fatauci, kuma ba sa fita sai da taro. Baturen nan Hugh Clapperton ya tarar da wani ayari a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, dabbobin ma haka. Taron ba na ado ba ne. A Bargu akwai 'ya'yan sarauta masu doki da mashi da suka mai da tare hanya abin yi, ga fito a kowane mashigi, ga kuɗin ƙasa a kowace fada. Wanda ya ware daga ayari ya zama nama.

Kowane ayari da manyansa. Akwai madugu uban tafiya, akwai jagaba da ya san hanya da harsunan hanya, akwai uban dawaki mai tara kuɗin da ake biya a mashigai, sai malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Labarin nan na irin wannan ayari ne. Misali ne irin wanda tsofaffi ke bugawa a zaure, shi ya sa babu sunan kowa a ciki, amma hanyar ta gaske ce, tana nan har gobe.

Sun baro Paraku da hantsi, bayan sun sallami masu masauki sun biya abin da fadar Akpaki ke karɓa. A dare na uku suka yi zango kusa da kogin Weme, wajen da garin Beteru yake a yau. Lokacin ɗari ne, ciyawa ta bushe ta kai wuyan mutum, wata kuma bai fito ba.

A gefen zangon akwai wani yaro mai korar jakai, tafiyarsa ta fari ke nan, ko gemu bai tsiro masa ba. Ya jingina da mangala yana gyangyaɗi. Atishawar jaki ce ta farkar da shi, yana buɗe ido sai ga mutum tsaye a kansa da mashi a sama. Ya mirgina, mashin ya shafci haƙarƙarinsa ya lume a mangala. Suka sarƙe. Mutumin ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ya danne shi ya shaƙe masa wuya. Hannun yaron ya faɗa kan 'yar wuƙar da yake yankan igiya da ita, ya soka sau ɗaya, bai ma san inda ya soka ba. Sai ya ji nauyin mutumin ya sauko masa gaba ɗaya.

Harin bai daɗe ba. Kafin masu baka su gama lalubo kwarinsu a duhu, maharan sun kore jakai bakwai da kayansu sun shige daji. Da gari ya waye aka tarar da gawa biyu: ta maharin da yaron ya soka, da ta wani falke, na tsakiya cikin 'yan'uwa uku da suka fito tare, kibiya ta same shi a wuya. Madugu ya sa aka haƙa rami biyu. Aka sallaci falken, aka rufe maharin can gefe, don ba a barin ɗan Adam ga kuraye ko wane ne shi.

Malamin ayari ya kira yaron ya tambaye shi yadda aka yi. Ya duba shatin yatsu a wuyansa da tsagar haƙarƙarinsa, ya ce babu ƙisasi a kansa, babu diyya, ya je ya wanke jikinsa. Mutane suka yi ta dafa kafaɗarsa suna ce masa namijin duniya. Shi kuwa ya koma bayan jakai ya zauna. Aka kai masa fura, bai taɓa ba.

Can da hantsi waɗanda suka bi sawun jakai suka dawo. Ba su samo jakai ba, mutum suka samo. Sun tsince shi kwance cikin ciyawa, ƙafarsa na jini, da dunƙulen kanwar ayari a jakarsa. Suka jawo shi ƙasa-ƙasa har zango, suka ɗaure shi a jikin kaɗanya, hannu ta baya. Yana magana, ba mai jin harshensa. Kan ka ce kwabo an kewaye shi.

Akwai abin lura a wannan da'ira. Waɗanda suka tsaya da baka a daren suna can baya, gajiya ta kama su. Na sahun gaba, masu jijiyar wuya a tashe, su ne waɗanda aka zaro daga ƙarƙashin buhuna da asuba, da wanda ya faɗa kogi sai da rana ta fito ya fito yana rawar sanyi. Tsoron da suka kwana da shi bai sami inda zai sauka ba sai yanzu, da aka kawo musu mutum guda wanda ba ya iya ɗaga hannu. Ihu bayan hari ke nan. Wani ya ce a yanka shi, wani ya ce yanka ya yi masa sauƙi, a tara masa ciyawa. Wani ya riga ya fara tarawa.

Madugu ya iso yana dogara sanda, aka buɗa masa. Uban dawaki ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zalunci ba ne, kare kai ne. Ya ga yawanmu, ya ga inda muke turke dabbobi, ya ƙirga bakunanmu. In muka sake shi, daren gobe da 'yan'uwansa zai dawo. In muka tafi da shi, bakin ci ne, ga shi gurgu. Kuma in labari ya bazu cewa ayarin nan ba ya barin ɓarawo da rai, na gaba zai yi tunani. Rigakafi ya fi magani."

Kada a ɗauki uban dawaki wawa ko mugu. Amanar mutane ce a wuyansa, kuma ya binne abokan tafiya a wannan hanya ba ɗaya ba ba biyu ba. Abin da ya faɗa a gindin kaɗanyar nan shi ne dai abin da kowace hukuma mai rataye mutane ke faɗa a cikin manyan takardu: muna kare al'umma, muna tsoratar da na baya. Magana ce mai nauyi, ba a ture ta da tsaki.

Madugu bai amsa masa ba. Ya ce a kira yaron nan mai jakai. Yaron ya zo ya durƙusa. Madugu ya zare wuƙarsa ya miƙa masa ta wajen ƙota, ya ce, "Ɗana, duk cikinmu kai kaɗai ne ka kare kanka a daren jiya har rai ya fita, kuma ba wanda ya ga laifinka. An ce wannan ma kare kai ne. Tun da kai ka san yadda ake yi, tashi ka yi."

Yaron ya dubi wuƙar, ya dubi mutumin. Ya ce, "Baba, ba zan iya ba."

"Jiya ai ka iya."

"Jiya ban zaɓa ba, Baba. Hannunsa na wuyana, numfashina na ɗaukewa. Da ya sake ni ya gudu, wallahi da ban bi shi ba. Wannan me zai yi mini? Ko ƙuda ba ya iya korewa daga fuskarsa."

Madugu ya juya da wuƙar wajen masu jijiyar wuya, ya miƙa wa na farko. Ya ja da baya. Ya miƙa wa mai tara ciyawa, ya sunkuyar da kai. Dukansu suna so a kashe, amma a kashe cikin rububi, dutse daga nan, sanda daga can, yadda in an tashi ba wanda zai ce hannunsa ne, kowa ya kwana yana gaya wa kansa bugunsa ba shi ya ƙarasa ba. Da aka ce mutum ɗaya ya fito da sunansa da sunan ubansa, a gaban shaidu, sai wuri ya yi tsit.

Abin da yaron ya faɗa cikin rawar murya, malaman fiƙihu sun daɗe da tsara shi. Wanda ya afko maka, ana tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi: in gargaɗi ya isa ba a ɗaga sanda, in sanda ta isa ba a zare ƙarfe, in ya juya baya ba a bin sa. Dokar Jamhuriyar Benin, inda Paraku da Jugu suke a yau, wadda ta gaji tsarin Faransa, a kan sharuɗɗa irin waɗannan ta tsaya: haɗarin ya zama yana kanka a lokacin, martanin kuma ya yi daidai da shi. Izinin gajere ne ƙwarai. Yana farawa sa'ad da mashi ya tashi, yana ƙarewa sa'ad da mashin ya faɗi.

In ana son ganin iyakar ƙuncinsa, a dubi Adamawa. A 2015 wani manomi mai suna Sunday Jackson ya yi artabu da wani makiyayi a gonarsa. Ya ce makiyayin ne ya fara sukarsa, shi kuma ya ƙwace wuƙar ya soke shi, makiyayin ya mutu. Babbar Kotun Yola ta yanke masa hukuncin rataya a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025. Hujjar ita ce, tun da ya ƙwace makamin, yana da damar gudu bai gudu ba. Makiyayin nan yana da uwa da dangi, jininsa ba ruwa ba ne, dole a tambayi yadda ya zuba. Amma a dubi ma'aunin. Mutum yana cikin kokawa, an auna masa 'yan daƙiƙu an ce ya wuce iyaka. To in haka iyakar take ga wanda ke ƙasa, wane faɗi take da shi ga mutum arba'in da suka karya kumallo suka kewaye ɗaurarre? Ita kanta hukumar da ta yi shekara 10 da mutum a kulle tana nazari, wa ke riƙe da wuƙa a kanta ranar da ta yanke a ɗaura masa igiya? Tana iya cewa hukunci take yi, a yi muhawara a kan wannan. Ba ta iya fakewa da uzurin yaron jakai.

Babban wan mamacin bai ce komai ba tun safe. Yanzu ya matso, idanunsa jajur, ya ce wa malamin ayari, "Allah gafarta Malam, ƙanena fa? Jininsa ya tafi a banza ke nan? Ai Allah ya ba mu ƙisasi."

Malam ya kama hannunsa ya zaunar da shi kusa da shi. Ya ce masa ƙisasi haƙƙinsa ne, ba mai ƙwace masa, amma a kan wanda ya kashe, bayan an tabbatar, kuma a hannun mai iko. Ya ce shi malamin ayari ne, ba alƙali ba, madugu ma uban tafiya ne, ba sarkin ƙasar nan ba. Sannan ya tuna masa da Sayyadina Ali, wanda Ibnu Muljam ya sara a Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40 bayan Hijira, wajen sallar asuba, jama'a na gani. Babu shakkar wanda ya yi. Duk da haka, a kwanakin da ya yi yana jinya, Sayyadina Ali ya yi wasiyya a ciyar da mutumin, a kyautata tsaronsa, in ya rasu a yi masa sara ɗaya a madadin sara ɗaya, kada a yi gunduwa-gunduwa da shi, kada kuma a taɓa wani saboda shi. Malam ya ce, "Wannan wanda aka gani da ido ke nan. Namu fa, wa ya gan shi?"

Murya ta tashi daga ko'ina: kowa ya gani, ga kanwa, ga jini. Madugu ya ce to madalla, tun da shaidu sun yi yawa haka, ba abin da zai ɓace in an kai Jugu. Ya sa aka kwance mutumin daga kaɗanya, aka bar igiyar hannu, aka wanke masa ƙafa aka ɗaure da tsumma.

Nan wahalar ta fara, kuma ba zan rage ta ba. Jakai bakwai sun tafi, kayan da suka rage an raba wa mutane a ka, ga gurgu da ba ya iya taka ƙasa. Yaron ne ya sauke kayan jakinsa guda ya ɗauka da kansa, aka ɗora ɗaurarren. Kowane dare sai an ware mutum biyu su kwana a kansa, rabi don kada ya gudu, rabi don kada a wayi gari a tarar da shi a yanke. Yana cin tuwon da aka rage daga na wasu, yana shan ruwan salkar da ake rowa. Gunaguni bai yanke ba har suka hango Jugu. Wasu sun ce madugu ya tsufa, zuciyarsa ta mutu. Adalci yana da tsada, kuma a wannan tafiya waɗanda aka yi wa ɓarna su ne suka biya. Kisa a gindin kaɗanya da bai ci musu ko ƙwaryar gero ba.

A Jugu fatake ba sa sauka a Kilir, unguwar sarauta. Wangara suke sauka, unguwar baƙi da malamai da dillalai, inda Dendi ne harshen ciniki. Mai masaukin madugu ya kai magana ga limami, limami ya aika fada, aka sa rana. Dattawa suka zauna, suka ce shaidu su shigo ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya ji ta bakin wani.

Na farko ya ce shi bai gani ba, amma wane ya gani. Aka kira wane, ya ce shi ihu ya ji. Na uku ya ce duhu ne, amma tsayin ya yi kama. Mai tara ciyawa ya ce shi yana bakin kogi lokacin. Haka aka yi ta zarewa har aka ƙare, taron da ya cika gindin kaɗanya bai fitar da ganau ko ɗaya ba, duk jiyau ne. Waɗanda suka kamo shi kaɗai ke da abin faɗa, shi ma bai wuce ciyawa da kanwa da jinin ƙafa ba.

Sannan aka samo tafinta, karo na farko tun da aka kama shi wani ya ji abin da yake ta faɗa. Ya ce shi manomi ne, yana da gonar doya a bakin kogi. Ya ji hayaniya da dare ya ɓuya. Da asuba ya fito ya ga kanwa a zube a sawun maharan, ya ɗauki dunƙule ɗaya, ya san ba tasa ba ce. Da ya ji tafiyar mutane ya ruga, kututture ya yage masa ƙafa. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, ba wanda ya iya karya maganarsa.

Limami ya juya wajen 'yan'uwan mamacin. Ya ce musu a mazhabar Maliku akwai ƙofa guda da ta rage in an sami alama mai ƙarfi babu cikakkiyar shaida: dangin mamaci maza su yi rantsuwa hamsin cewa wannan ne ya kashe. Ya ce ko da za a ɗauki kanwa da jinin nan a matsayin alama, su biyu ne, ashirin da biyar-biyar ke nan, da sunan Allah, a kan mutumin da ke zaune gabansu. Za su iya? Ƙaramin ya dubi wansa. Wan ya daɗe kansa na ƙasa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, kibiya ce ta zo daga duhu. Ban ga hannun da ya sake ta ba." Ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Aka mayar wa mai kanwa kanwarsa. Mutumin aka miƙa shi ga dogaran Kilir, ya zauna a hannunsu har danginsa su zo su tsaya masa kan abin da ya ɗauka. Ayari ya huta ya ɗaura kaya. Uban dawaki bai sauya ra'ayi ba, har Salaga yana cewa an yi sakaci. An kuma sake kai musu hari kafin Mango, kamar yadda ake kai wa mai kisa da marar kisa a wannan hanya.

Yau kwalta ce tsakanin Paraku da Jugu, tafiyar da jaki ke yi a mako mota na yin ta kafin azahar. Manyan motoci na ɗaukar auduga da kashu da doya, akwai gada a Beteru. Zango na nan a Paraku, kasuwar Arzeke na ci, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, na kai da kawowa. Akwai kotu a Jugu, akwai kotun ɗaukaka ƙara a Paraku, wato abin da madugu ya sha tafiyar kwanaki yana nema yanzu yana ƙofar gida. Ƙasar kuma ta yi nata zaɓin. Rabon da a zartar da hukuncin kisa a Benin tun 1987, zamanin Mathieu Kérékou, lokacin da aka harbe mutum biyu. Kotuna sun ci gaba da yankewa, ba a dai zartarwa. A watan Yuli na 2012, zamanin Boni Yayi, ƙasar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta soke hukuncin kisa, a Janairun 2016 kuma Kotun Tsarin Mulki ta ce hukuncin ba shi da sauran gurbi a dokar ƙasa. Duk da haka akwai mutum 14 a kurkukun Akpro-Missérété kusa da Porto-Novo, 10 'yan ƙasa, 2 'yan Najeriya, ɗaya ɗan Togo, ɗaya ɗan Kwaddibuwa, waɗanda suka yi kusan shekara 20 da hukuncin a wuyansu, ba a kashe su ba, ba a kuma gaya musu ba za a kashe su ba. Sai a Fabrairun 2018 Shugaba Patrice Talon ya mayar musu da shi ɗaurin rai da rai. Sabon kundin laifuffuka na wannan shekarar bai ambaci kisa ba, gyaran tsarin mulki na Nuwamban 2019 kuma ya rubuta haramcin a fili.

Ni ina ganin Benin ta yi daidai, kuma ba don ina musun ƙisasi ba. Yana cikin Littafi, a aya guda da afuwa da diyya. Amma mai son zartar da shi sai ya kawo abin da dattawan Wangara suka nema: ganau, tafinta, lokaci, da alƙalin da ba ya jin tsoron taro ko aljihun kowa. Inda talaka ke shiga kotu ba lauya, inda ake samun amsa laifi da kulki, inda takardun shari'a ke ɓacewa shekara da shekaru, janye hannu ya fi kusa da tsoron Allah. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa a ba shi haƙuri. Na cikin rami sai dai a nemi gafara.

Na san abin da ake cewa a bakin kasuwa da tashar babura: gwamnati ta sake ɓarayi, in ka kai shi ofishin 'yan sanda gobe ka gan shi yana cin kifi. Ɗan zemijan da ya ɗauki babur bashi, yana biya kullum, aka sace masa shi a dare ɗaya, ba wanda zai gaya masa zafin da yake ji. Kukansa gaskiya ne, kuma hukumar da ke sakin ɓarawo don an laluba mata aljihu tana da kaso a duk abin da ya biyo baya. Sai dai taron gindin kaɗanya bai taɓa jiran a soke wata doka ba. A 1999, lokacin da hukuncin kisa ke nan daram a dokar Benin, wani da ake kira Kanar Devi ya tara 'yan banga a yankin Mono da Kufo a kudu, aka yi ta kama waɗanda ake zargi da sata ana cinna musu wuta, mutane na tafi. Kayan aikin kaɗai suka sauya: turken lantarki a madadin kaɗanya, tsohuwar taya a madadin ciyawa, da kwalbar kpayo, wato fetur, da ke kan tebur a bakin kowane titi. An kuma sami sabon sahu a da'irar, na masu ɗaga waya suna ɗauka don a tura wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

A Najeriya kuwa ba a soke komai ba, fiye da mutum 3,000 ne ke zaune a gidajen yari da hukuncin kisa a kansu. A can ne, a ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi, 'yan banga suka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo. Mafarauta ne a ciki, sun taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah, da yawansu 'yan Torankawa ne ta ƙaramar hukumar Bunkure. Aka ga bindigogin farauta, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, magana ta bazu. Garin ya sha fama da masu garkuwa, mutanensa sun kwana da tsoro ba dare ɗaya ba. Ba a nemi tafinta ba, ba a ware shaidu ɗaya bayan ɗaya ba, ba a kai su gaban alƙali ba. Aka kashe mutum 16, aka ƙone su a bakin hanya, baƙi ne masu wucewa da Hausa a bakinsu. Waɗanda suka kewaye su a ranar, su ma cewa suka yi garinsu suke karewa.